Makokin Mahaifiyar Madam Chizuru

Shekara biyu ke nan Awadiyya tana aiki a gidan Madam Chizuru, a hawa na shida na wani bene a Muhandisin, unguwar masu hali a babban birnin da jami'ar Azhar take. Bahaushiyar Sudan ce, haifaffiyar Mai Wurno. Ita da mijinta Hamad, mai gyaran wutar mota, suna zaune a Ardul Liwa, can bayan layin dogo, tafiyar minti ashirin a ƙafa idan ba a tare mashigar jirgin ba.

Ta yi aiki a gidaje huɗu kafin wannan, amma ba ta taɓa shiga gida mai ƙa'idoji irin na Japanawan nan ba. Takalmi a bakin ƙofa ake cire shi, a juya kansa ya kalli waje. Akwai silifa na cikin gida, akwai kuma na banɗaki daban. A makonta na farko ta manta ta fito falo da na banɗakin, Madam ta rufe baki da hannu tana dariya har da hawaye, sannan ta yi ta ba da haƙuri kan dariyar. Shinkafa sai an wanke ta har ruwan ya yi garau, ba gishiri, ba mai. Madam ta koyi Larabci a jami'a a ƙasarsu, saboda haka tana magana kamar mai karanta labarai a rediyo, mai gadin benen ma sai ya gyara tsayuwa idan za ta gaishe shi. Ita kuwa tana kiran mai aikinta Awadiyya-san, ta ce wannan ƙarin na girmamawa ne, ba a kiran babba da sunansa haka kawai.

Abin da Awadiyya ta fi so a kicin ɗin shi ne tsummokin goge kwano. Fararen ƙyallaye ne, an bi su da ɗinkin hannu na shuɗin zare, ƙanana-ƙanana a jere, wasu kamar igiyar ruwa, wasu kamar ganye. Mahaifiyar Madam ce take ɗinka su. Tsohuwa ce mai shekara saba'in da huɗu, tana zaune da ɗanta Yutaka a wani ƙaramin garin masunta a arewacin Japan, suna noman ganyen teku. Duk sabuwar shekara takan aiko da kwali, ciki da busasshen ganyen nan da tsumma uku ko huɗu sababbi.

Da aka yi juyin juya halin Janairu da ya kawar da shugaban ƙasa, Japanawa da yawa sun kwashe iyalansu sun tafi. Mijin Madam, Mista Onodera, injiniya ne a wani aikin ruwa a kudancin ƙasar, bai tafi ba, ita ma ta ce ba za ta bar shi ba. Haka suka zauna har Maris ya kama, tankokin soja suna tsaye a kan manyan tituna, mutane kuma suna ta komawa harkokinsu a hankali.

Ranar Juma'a, sha ɗaya ga wata, ranar hutun Awadiyya ce. Tana wanki a baranda Hamad ya dawo daga masallaci da sauri, ya ce ta kunna talabijin, ya ga mutane sun cika gidan shayin bakin layi suna kallon wani abu da ya faru a ƙasar su Madam. Ta kunna. Ta ga baƙin ruwa yana tafiya a kan gonaki, ɗauke da motoci da jiragen ruwa da gidaje sukutum, wani gidan ma yana ci da wuta a kan ruwan. Mai labarai ya ce girgizar ƙasa ce a arewacin Japan, teku kuma ya biyo baya. Ta kira wayar Madam sau uku, ana ce mata layin yana aiki. Ta bar wankin a cikin ruwa, ta yafa mayafinta ta fita.

Madam ce ta buɗe ƙofa, cikin shigarta tsaf, gashinta a ɗaure. Ta sunkuya ta gaishe ta.

"Awadiyya-san, yau ai ranar hutunki ce. Ki yafe mini, na sa kin taso."

"Ba ke kika kira ni ba, Madam. Ina Mama?"

"Layin ba ya shiga," in ji ta. "Na Yutaka ma ba ya shiga."

Ta koma ta zauna a ƙasa gaban teburin falo, inda ta jera kwamfuta da waya biyu. Mista Onodera yana kudu, sai Lahadi zai samu jirgin dawowa. Awadiyya ta tsaya ta rasa abin yi. A garinsu da tuni an rungume matar, an yi kuka tare, an kira maƙwabta. Nan kuwa mace tana zaune bayanta a miƙe, tana danna lamba, ta saurara, ta ajiye, ta sake dannawa, ba ta ko ɗaga murya. Awadiyya ta ɗauko matashi ta zauna kusa da ita. Ta kira Hamad ta ce masa a nan za ta kwana.

Ta san irin wannan zaman. Shekara huɗu da suka wuce mahaifiyarta ta rasu a Mai Wurno, sai bayan kwana tara labari ya iso mata. Abin da ya riƙe ta a lokacin shi ne matan gidansu na Ardul Liwa, waɗanda suka shimfiɗa tabarma a ɗakinta suka yi kwana uku ba su bar ta ita kaɗai ba. Shi ya sa da safiyar Asabar ta ce wa Madam akwai mata biyu da suke son su zo su taya ta zama: Hajja Sulafa, dattijuwa mai sayar da turaren wuta, da Nana Khadija, 'yar Zariya da take karatu a Azhar. Madam ta yi godiya sosai, amma ta ce a'a. Ta ce a wurinsu babban abin kunya ne mutum ya ɗora wa wasu nauyin damuwarsa, kuma akwai dubban mutane da suke cikin halin da ya fi nata, ita tana ɗaki mai ɗumi da ruwa da wuta.

Awadiyya ta faɗa wa matan. Hajja Sulafa ta ce to, idan ba ta son a je, ai tukunya ba ta cika wa kowa ɗaki. Daga ranar kullum sai an aiko da abinci daga Ardul Liwa. Yau tuwon asida na 'yan Sudan da miyar kuɓewa busasshiya, gobe faten wake, jibi kunun gyaɗa a fulas. Madam takan karɓa da hannu biyu, ta ci cokali ɗaya ko biyu don kada a ce ta ƙi, sauran Awadiyya ta miƙa wa mai gadi.

Mista Onodera ya iso Lahadi. Ya yi kwana biyu, suna magana da matarsa ƙasa-ƙasa cikin harshensu, sannan ya ɗauki jaka ya ce zai koma bakin aiki, ma'aikata suna jiransa. Ran Awadiyya ya ɓaci. Ta ce a ranta wane irin miji ne wannan, surukarsa ba a san ko tana raye ba. Tana shanya kaya a baranda ta hango motar da za ta kai shi filin jirgi tana tsaye a ƙasa. Direban ya fita yana shan taba, shi kuwa yana kujerar baya, ya kifa fuskarsa a cikin tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. Ya kai kusan minti ashirin a haka kafin ya ɗago ya yi wa direban alama. Ba ta faɗa wa Madam ba, amma daga ranar ta daina ganin laifinsa.

A rana ta biyar Yutaka ya kira daga wayar wani jami'i. Minti ɗaya aka ba kowa. Yana raye, yana wata makaranta a kan tudu tare da mutane ɗari uku. Yana bakin aiki a kan teku lokacin, ya kora jirginsa cikin ruwa mai zurfi ya tsira. Gidan babu shi, unguwar duka babu ita. Mama kuma ba wanda ya gan ta.

Daga nan aikin Madam ya koma karanta sunaye. A kowane wurin da aka tara waɗanda suka tsira, mutane suna rubuta sunayensu da hannu a takarda su manna a bango, wasu kuma suna ɗaukar hoton takardun su sa a intanet. Takan ƙara girman hoton ta bi layi-layi da yatsa tun safe har idanunta su yi ja. Awadiyya ba ta iya karanta ko harafi ɗaya na rubutun, amma ta roƙi Madam ta rubuta mata sunan Mama babba a takarda. Haruffa huɗu ne. Ta haddace siffarsu kamar yadda ake haddace zanen lalle, ta zauna gaban ɗayar wayar ita ma tana dubawa. Sau biyu ta ga abin da ya yi kama, ta nuna, Madam ta duba ta girgiza kai, ta ce na gode.

Cin abinci ne ya fi damun Awadiyya. Matar tana ta ramewa a gabanta. Wata rana da hantsi ta tuna da dunƙulen shinkafar da Madam takan yi wa mijinta idan zai yi tafiya. Ta dafa shinkafa irin tasu, ta jiƙa hannu, ta shafa gishiri a tafinta, ta dunƙula da zafinta. Na Madam kan fito da kusurwa uku cif, nata kuwa suka fito kamar curin fura. Ta naɗe su da ɗan baƙin ganyen da ya rage a kwalin sabuwar shekara, ta ajiye a kan tebur.

Madam ta daɗe tana kallon farantin. Ta ɗauki ɗaya ta ci, ta ɗauki na biyu.

"Gishirin ya yi yawa," in ji ta. "Na Mama ma haka yake. Tana cewa mai aiki a teku yana bukatar gishiri."

Ta cinye uku. Ranar ce kawai ta yi barcin rana.

A rana ta goma sha takwas, da misalin ƙarfe goma na safe, Yutaka ya sake kira. Awadiyya tana goge-goge a kicin, ta ji Madam tana cewa "hai, hai", wato "to, to" da harshensu, a hankali, tana sunkuyar da kai ga wayar kamar mutumin yana gabanta. Da ta ajiye, ta zo bakin ƙofar kicin ta tsaya.

"An same ta," ta ce. "Sojoji ne suka same ta a wata gonar shinkafa. Yutaka ya gane ta da rigar aikinta."

Awadiyya ta ce innalillahi, ta ajiye kwanon da yake hannunta. Wannan karon ba ta nemi izini ba. Ta kama matar ta rungume ta, kamar yadda Hajja Sulafa ta yi mata a nata lokacin. Jikin Madam ya sandare na ɗan lokaci, kamar za ta zame, sannan ta saki jiki. Kukan da ta yi ba mai ƙara ba ne, amma ya daɗe, har ƙafafunsu suka gaji suka zauna a ƙasan kicin ɗin.

Jirgin da zai kai Madam Japan ranar Alhamis ne. Awadiyya tana haɗa mata jaka, sai ta tuna maganar Yutaka, cewa gidan babu shi. Wato hotuna, tufafi, akwatin ɗinki, duk sun tafi. Ta koma kicin ta buɗe durowa. Tsumma goma sha ɗaya ne, wasu sababbi, wasu sun sha maiƙo da baƙin tukunya daga hannunta. Ta ji kunya ta kama ta. Ta jiƙa su, ta wanke su da hannu sau biyu, ta goge su da dutsen guga, ta ninke, ta kai wa Madam ta ce wataƙila waɗannan ne kaɗai abin da ya rage na hannun Mama. Madam ba ta yi tunanin haka ba sai a lokacin. Ta zauna bakin gado ta bi ɗinkin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta zaɓi shida ta sa a jaka, ta ce za ta raba wa Yutaka da 'yar'uwar Mama. Sauran biyar ta mayar wa Awadiyya, ta ce a ci gaba da goge kwano da su, Mama ba ta ɗinka su don a ajiye ba, da ta ga an ɓoye su faɗa za ta yi.

Madam ta yi kusan wata biyu a Japan. Ta ce sai an yi addu'ar kwana arba'in da tara za ta dawo, don a wurinsu ranar ce mamaci yake gama tafiyarsa. Awadiyya ta ce ashe su ma suna da arba'in ɗinsu, da ƙarin tara.

Ta dawo a ƙarshen Mayu, gari ya fara zafi. Ta ba Awadiyya labarin da maƙwabta suka bayar. Mama ta fita da aka busa ƙahon gargaɗi, har ta kai rabin hanyar tudu, sai ta tuna da wata ƙawarta mai ciwon gwiwa da take zaune ita kaɗai, ta juya. Su biyun a wuri ɗaya aka same su. Madam ta ce ta yi kwanaki tana jin haushin mahaifiyarta kan wannan juyawar, har yanzu ma wani lokaci tana ji.

A kusurwar falo ta ajiye ƙaramin tebur da hoton Mama, wanda wata 'yar'uwa ta samo mata, da kaskon turare da ɗan kofi. Kullum da safe takan ɗebi shinkafar farko ta sa a gaban hoton, ta haɗa hannu, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Abin ya tsaya wa Awadiyya a rai, tunda ita take dafa shinkafar. Ta tambayi Nana Khadija. Nana Khadija ta ce ta dafa abincin gida kamar kullum, abin da mai gida ta yi da rabonta nata ne, ita dai kada ta kai da hannunta. Ashe ba ta ma bukaci faɗa ba. Madam ba ta taɓa sa ta taɓa teburin ba, ko ƙurarsa da kanta take sharewa, kamar yadda ita ma ba ta taɓa ratsa gaban Awadiyya tana salla ba.

Bayan mako guda Madam ta ce tana da roƙo. A al'adarsu, duk wanda ya taya ka makoki, idan an gama kwanakin sai ka kai masa 'yar kyauta ka yi godiya. Ta zo da kaya daga Japan, tana so a kai ta wurin matan da suka yi ta aiko da abinci. Awadiyya ta ce unguwarsu ba irin Muhandisin ba ce, akwai ƙura da cunkoso, bene hawa biyar ba lif. Madam ta ce ta sani.

Ranar Juma'a da la'asar suka tsallaka layin dogo, suka hau tuk-tuk, wato keke mai ƙafa uku. Madam ta riƙe ƙunshinta a cinya, an naɗe shi da ƙyalle mai launin toka an ƙulle a sama. A ɗakin Hajja Sulafa mata bakwai suka taru, don ashe ba mutum biyu kaɗai suka yi girkin ba, juyi aka yi ta yi a benen. Madam ta cire takalmi ta juya kansa waje, ta durƙusa a kan tabarma, ta sa hannu biyu a ƙasa ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa su. Matan suka rikice. Hajja Sulafa ta yi maza ta ɗago ta, tana cewa haba 'yata, ba a yi wa mutum haka, tashi.

Madam ta yi jawabinta cikin Larabcin nan nata na littafi. Ta ce ba su san ta ba, ba su san mahaifiyarta ba, kuma ta hana su zuwa, amma kwana goma sha takwas tukunyarsu ba ta fasa zuwa ba. Ta ce lokacin ba ta iya ci ba, yau ta zo ta ci idan akwai. Sannan ta kwance ƙunshin ta miƙa wa kowacce ɗan kwali da hannu biyu. Koren shayi ne a ciki da ƙaramin tawul. Kwalayen bakwai ne har da na Awadiyya, ba su kai ba, sai Awadiyya ta ce nata ta bar wa Nana Khadija.

Aka kawo kisra, siririyar wainar dawa mai faɗi, da miya, Madam ta ci da hannu, tana zubarwa, yara suna leƙe daga ƙofa ana korarsu. Hajja Sulafa ta ce dole a ɗanɗana shayin baƙuwa yanzu. Kafin Awadiyya ta buɗe baki, ta juye kusan rabin kwalin a buta, ta ɗora a wuta ta tafasa shi sosai, ta zuba na'ana'a da sukari cokali shida. Awadiyya ta san a gidan Madam ko ruwan ba a bari ya tafasa, balle a sa sukari. Ta kalli Madam tana jiran ta ga fuskarta.

Madam ta karɓi kofin gilashin ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Hajja Sulafa ta tambaye ta ko haka suke yin sa a can.

"A'a, Hajja," in ji ta. "Ko kusa. Amma ki ƙara mini."

Suka zauna har aka kira magariba. Matan suna tambayarta yadda ake noma a cikin teku, tana kwatanta musu da hannu yadda ake shimfiɗa igiya a ruwa ganyen ya fito a jikinta, da yadda Yutaka yake neman jirgi da igiyoyi tare da sauran masuntan da suka rage don su sake dasawa kafin sanyi. Nana Khadija tana fassara wa waɗanda Larabcin ya yi wa tsauri. Da za su tafi, Hajja Sulafa ta cusa mata kwalbar turaren wuta a jaka, ta ce ranar Talata suna taron lalle na 'yar maƙwabciyarsu, idan ba ta da abin yi ta zo. Madam ta tambayi ƙarfe nawa, da irin kayan da ya kamata ta sa. Hamad ya rako su har mashigar jirgi, ya tare musu tasi.